Kalmar Sirri a Bangon Kafinta

Da hantsi wani ya bugo wa kafinta waya yana tambaya ko akwai sauran maganin sanƙo. Kafinta, wanda kansa ke ƙyalli tun kafin a haifi autarsa, ya ɗauka tsokana ce ya kashe wayar. Da mutum na uku ya kira, sai ya nemi Auta.

Ita ta gina wa shagon shafin intanet, bayan wata shida tana lallashinsa, don shi a ganinsa duk aikin da ba ya fitar da ƙura ba aiki ba ne. Ta buɗe kwamfuta a kan bencin aiki, ta shiga shafin. Hotunan gadaje da kujeru sun ɓace, sai kwalabe da wani ƙato mai suma har kafaɗa.

"Rufe abin nan kawai," in ji shi. "Shekara talatin ina sana'a ba wanda ya kira ni boka."

Abin da take tsoro ke nan. In ya rufe shafin, ya gama yanke hukunci a kan sana'arta.

"Baba, ku ba ni zuwa la'asar."

Ta sauke shafin, ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana cire na ɓarayin da suka kutsa ciki, ta goge wani baƙon asusu da suka buɗe wa kansu. Ta dawo da hotunan daga ajiyar da ta yi, ta sabunta manhajar. Saura ta gano ta ina aka shigo.

"Wa kuka ba kalmar sirrin?"

"Ba kowa. Bango kawai na ba."

Ya nuna da bakin zarto. Ga ta nan da fensir, manya-manya, tsakanin awon wata ƙofa da lambar mai kawo katako. Auta ta samu abin faɗa, ta faɗi son ranta: kalmar sirri ba awon taga ba ce, duk mai shigowa yana da ido. Kafinta na ta goge katako.

Sai da ta gama ya ce, "Masu shigowa nan ai kujera suke kallo. Buɗe min hoton nan na farko, wanda kika sa ni murmushi."

Ta buɗe. Ga shi tsaye da guduma, ga kalmar a saitin kunnensa, tar da ita. Ita ta ɗauki hoton, ita ta ɗora shi a fuskar shafin don duniya ta gani. Kunya ta rufe ta, har ta rasa inda za ta sa ido.

Ta canza kalmar, ta haɗa shiga shafin da wayarsa yadda ba mai shiga sai da lambar da za a turo masa, ta yanke bangon daga hoton. Sannan ta ce a hankali, "In kun ce a rufe, sai a rufe."

Ya buga teburin da yake shan shayi a kai, teburin ya yi ɗingishi. "Aikina na farko ke nan. Ƙafa ɗaya ta gaza, kuma ni na auna da kaina." Ya miƙa mata sanfefar goge katako ya nuna bangon.

Tana cikin gogewa waya ta sake ƙara. Ta ji yana cewa, "Maganin ya ƙare, ko ni ban samu ba. Amma duba shafin yanzu, injiniyarmu ta gyara shi."