Sunan Mama Liatu a Ƙasan Takarda

Zakka ba malalaci ba ne, wannan kam ko masu jin haushinsa sun shaida. Shekara tara yana rubuta manhaja a wani kamfani mai asibitoci goma sha bakwai, daga Bauchi har Gombe da Yola, kuma injiniyoyi talatin da ɗoriya da ke hawa na biyu na babban ofishin duk sun san in abu ya cije wurinsa ake zuwa. Ciwonsa ɗaya ne, ya tsani taro. Ka ce masa a zauna a tattauna, sai ka ga ya ɓata rai kamar ka ce a cire masa haƙori.

To ana nan sai aka kawo sabuwar shugabar sashe, Madam Ronke, ta zo da nata salon. Ta ce daga yau ba wanda zai taɓa kwamfuta sai mutum uku sun zauna: mai rubuta manhajar, mai gwada ta, da wanda zai yi aiki da ita a asibiti. Su ukun su kawo misalan abin da ke faruwa a zahiri, a rubuta su da maganar kowa da kowa, layi uku-uku: a ce kaza ne, idan kaza ya faru, to kaza za a gani. Misalan nan za a ɗora wa kwamfuta ta riƙa gwada manhajar da su kullum. In aiki ya tafi daidai, babban allon da ke bango ya nuna kore, in ya karkace ya nuna ja. A ƙasan kowace takarda kuma a buga sunayen mutum ukun da suka zauna.

Zakka ya saurara, ya gyaɗa kai tare da kowa. A ransa kuwa cewa yake wannan ai wasan yara ne, shi da ya yi shekara tara za a mayar da shi aji ɗaya yana rera layi uku.

Aikin da ya faɗo masa shi ne haɗe katunan marasa lafiya da suka maimaitu. Mutum ya buɗe kati a Bauchi, ya je Gombe ya buɗe wani, tarihin ciwonsa ya rabu gida biyu. Mai gwajinsa Micah ne. Ta ukunsu kuwa Mama Liatu, babbar nas ta ɗakin haihuwa a reshen Yelwa da ke nan Bauchi, mai shekara ashirin da shida tana karɓar jarirai. Ba baƙuwa ba ce gare shi. Cocinsu ɗaya, benci ɗaya suke zama da mahaifiyarsa a zumuntar mata, kuma tun yana yawo da gajeren wando take ce masa ɗana.

Sau biyu ana sa ranar zama, sau biyu Zakka yana aika mata cewa an ɗage. Daga nan ya rufe kunnensa ya rubuta manhajar cikin kwana huɗu. Da ya gama, sai ya buɗe takarda, yana kallon abin da ya rubuta yana zayyano misalan da suka dace da shi, kamar telan da ya gama ɗinki sannan ya ɗauko abin awo ya rubuta abin da rigar ta ba shi. A ƙasa ya buga sunaye uku: Zakka, Micah, Liatu. Micah ya tambaya yaushe aka zauna. Zakka ya ce masa sun yi magana da Mama ta waya, ta amince da komai. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ko ƙifta ido bai yi ba da ya faɗe ta.

Allo ya yi kore shar. To yaya ba zai yi kore ba, shi ya kafa tambaya shi ya ba da amsa? Madam Ronke ta yaba masa a gaban kowa, ta ce ga tsohon hannu ya rungumi sabon tsari, sauran su yi koyi. Har takardarsa aka liƙa a bango. Zakka ya yi murmushi ya karɓi tafi.

Sati bakwai bayan haka wata mata mai suna Zubaida, daga Wunti, ta haifi tagwaye maza a reshen Yelwa. Kowa a garin nan ya san jariri ba shi da suna sai ranar bakwai. Ko da duk dangi sun san Hassan da Husaini za a ce musu, ba a rubutawa sai an yanka rago. Don haka nas ta buɗe wa kowanne kati da sunan Jaririn Zubaida. A zamanin katin takarda, a gefe suke ƙara na fari ko na biyu, amma manhajar Zakka ba ta da gefe. Ta ga suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, lambar waya ɗaya, ta haɗe yaran nan biyu suka zama mutum guda.

An ɗibi jinin duka biyun don gwajin ciwon shawara. Na ƙaramin ya fito da hawa sosai, na babban lafiya lau, kuma na babban ne ya shigo daga baya ya danne na ƙanensa. Aka sallami Zubaida aka ce ta je gida, yara ƙalau. Kwana uku ta dawo a guje cikin keke napep, ƙaramin idanunsa sun yi rawaya, ko nono ba ya iya kamawa. Kwana biyar ya yi a ƙarƙashin fitilar maganin shawara kafin likita ya ce an tsallake. Allah ne kawai ya rufa asiri.

Hukumar kamfani ta kafa kwamiti. Aka ciro takardar daga bango, ga misali na huɗu ɓaro-ɓaro: a ce kati biyu sun yi suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya da lambar waya ɗaya, idan manhaja ta gamu da su, to ta haɗe su ta riƙe sakamakon da ya shigo daga baya. Manya suka ce injiniyoyi ba su da laifi, abin da aka amince suka gina. Wadda ta san ɗakin haihuwa, ta ga wannan layi ta yi shiru, ita za ta amsa. Aka dakatar da Mama Liatu, aka sa ranar Talata don yanke hukunci. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kuma a ofis an fara raɗe-raɗin kora ce.

Zakka ya jira ta musanta. Wallahi har fata yake ta musanta, a kama shi a huta. Ba ta musanta ba. A watan da aka yi takardar ƙungiyoyi biyar ne suka yi ta kiranta zama, yau masu allurar rigakafi, gobe masu gadon kwanciya, har ta rasa wanne ne wanne.

Kwana huɗu ya yi da bakinsa a rufe. Abinci ya daina yi masa daɗi. Micah ya daina gaishe shi da baki, sai dai ya ɗaga masa hannu ya wuce, kuma wannan ɗaga hannun ya fi zagi zafi. Abin da ya fi cin ransa shi ne shi ɗan garin nan ne. Sunan 'ya'yan maƙwabta nawa ya je, naman suna nawa ya ci? Minti biyu da Mama sun isa ta ce masa tagwaye fa. Minti biyun ne ya ga ya fi ƙarfinsu.

Ranar Lahadi bayan sujada ya yi niyyar sulalewa ta ƙofar gefe, sai ga ta a gabansa, ta rame, ɗankwalin zumunta ya yi mata yawa a ka. Ta riƙo hannunsa.

"Kada ka sa abin nan a ranka, ɗana," in ji ta. "Kai aikinka ka yi. Ni ce ya kamata in gani."

Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne Allah ya kyauta, Mama. A hanyar gida mahaifiyarsa ta yi ta roƙonsa ya sa baki tunda ana jin maganarsa a ofis, shi kuwa ya kafa wa titi ido yana tuƙi, kunya ta hana shi ko waiwayo.

Talata da ƙarfe goma kwamiti ya zauna. Ba a gayyaci Zakka ba. Ya kai ƙofa ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo, a na uku ya ƙwanƙwasa. Mutum shida ne a ciki, Madam Ronke a gefe, Mama Liatu ita kaɗai a ƙarshen tebur da jakarta a cinya.

"Ba a yi zaman nan ba," ya ce. "Mama ba ta taɓa ganin takardar nan ba. Ni na rubuta misalan bayan na gama aikin, ni na buga sunanta. Micah ma ƙarya na yi masa."

Madam Ronke ta cire tabarau ta dube shi, ta tambaye shi abu ɗaya, me ya sa. Ya so ya ce lokaci ne ya ƙure, amma ya gaji da ƙarya. Ya ce gani ya yi ba abin da nas za ta koya masa. Yana faɗa ya ji nauyin maganar a bakinsa, ya sunkuyar da kai.

Ba a daɗe ba aka gama. Aka janye dakatarwar, aka ba Mama Liatu haƙuri a rubuce. Shi kuma aka sauke shi daga shugabancin ƙungiyar injiniyoyin da yake jagoranta, aka ce ya tafi gida sati biyu a duba sauran takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan bai dame shi ba ko kaɗan. Ita yake tsoro.

Ya same ta a bakin ƙofar harabar ofis tana jiran keke, rana ta take. Ya durƙusa a kan tsakuwa, masu gadi na kallo, ya ce ta yafe masa. Ta kawar da kai ta dubi titi. Da ta yi magana, ba faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi.

"Kwana huɗun nan zama na yi ina ta ƙoƙarin tuna ranar da muka zauna da kai," ta ce. "Da na kasa, sai na ce to, Liatu, tsufa ya zo, kanki ya fara zuba. Na yarda da sunana da na gani a takarda fiye da kaina, saboda kai ka rubuta."

Zakka ya ji hawaye sun zubo masa, bai iya sharewa ba.

Ta ce ranar Asabar ta je har gidan Zubaida, ta durƙusa kamar yadda ya durƙusa yanzu, a gaban surukar matar da mata cike da tsakar gida, ta ce ita ce ta kusa kashe musu yaro. Zubaida ta yi kuka ta ce ta yafe. Surukar kuwa ta ce tsohuwar da ba ta iya aiki ba ta koma gida ta zauna.

Keke ya tsaya. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ta juyo.

"Ni na yafe maka, don ba ni da yadda zan yi da kai. Amma yafiyar da matar nan ta ba ni ba tawa ba ce. Gidan yana Wunti, layin teloli, ƙofa mai shuɗin fenti. Ka je ka gaya musu ba ni ba ce."

Keken ya ja ya tafi. Zakka ya miƙe, tsakuwa ta manne masa a gwiwar wando. Motarsa na nan cikin harabar ofis, amma ya kasa komawa ya ratsa ta gaban tagogin hawa na biyu. Ya tsaya a bakin titi ya ɗaga wa wani keken hannu. Mai keke ya tambaye shi ina zuwa, sai da ya maimaita sau biyu kafin Zakka ya iya cewa Wunti.