Huda Biyar a Gindin Gwangwani

Sana'ata faci. Shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune a bakin titi da bahon ruwa da gam da tsofaffin tayoyi, ina neman inda iska ke fita in toshe. Hannuna ya saba, idona ma haka. Ko bokiti na gani yana ɗiga a gidan mutane sai in rasa sukuni. Na fara da wannan ne don a gane yadda aka yi na aikata abin da na aikata.

'Yata shekararta huɗu da rabi. Mahaifiyarta ce ta laƙaba mata Balbela saboda dogayen ƙafafunta sirara, sunan kuma ya bi ta. Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyar. A ranar, da yarinyar ta tambaya ina Umma, ni da bakina na ce mata ta yi tafiya, za ta dawo. Ta yi mako tana tambaya, daga nan ta daina tambayar, ta daina magana gaba ɗaya. Tana ji, tana cin abinci, in ka aike ta ta je, amma baki gum. Kullum da yamma sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon layi. Likita ya duba kunne da maƙogwaro ya ce lafiya lau, kada mu matsa mata. Yayata, wadda ta dawo gidana don ta riƙe ta, ita ta ce a sa ta makarantar ƙananan yara da ke bayan layinmu, ko hayaniyar 'yan uwanta yara za ta buɗe mata baki.

Wata rana ta dawo da takarda a jakarta. Malamarsu ce ta rubuto cewa za su yi makon kula da muhalli, kowane yaro ya zo da gwangwanin da aka gama da shi, da murafun kwalba, da tsohon kwali. Sau uku na karanta, don karatuna bai yi nisa ba.

Na ce, "Yaya, wace irin makaranta ce ke aiko wa iyaye neman shara?"

Ta ce, "Ji shi. Kai da kake wuni cikin matattun tayoyi, yau kai ne mai ƙyamar shara? Tashi ka nemo wa yarinya gwangwani."

Kafin in miƙe, Balbela ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madarar da mahaifiyarta ke ajiye maɓallai da allura a ciki. Ta juye su a faranti da kanta. Na buɗe baki zan hana, Yaya ta yi mini ido, na bar ta.

Kashegari ni na je ɗauko ta. Ajin ya cika da abin da na saba gani a kwata. Ga wani ƙaton kifi a bango, da murafun kwalba aka yi masa ɓawon jiki. Ga bishiyar kwali an manna mata busassun ganye, wasu a karkace. An yanka robar ruwa an rataye a taga da 'yar tsaba a ciki don tsuntsaye. A ƙasan tagar kuma gwangwanaye ne a jere, kowanne da fuska. Na Balbela idanunsa korayen maɓallai ne guda biyu, na rigar da na sani.

Malama ta ce, "Baban Balbela, ƙwayar wake uku ce a ciki. Ta je da shi gida ta riƙa ba shi ruwa. Bayan kwana goma sha huɗu za mu dasa su a filin makaranta. So nake su gane ba kowane abu ake jefarwa ba."

A kwana na uku da safe, ina saka takalmi a bakin ɗaki, sai na ji wata 'yar murya daga wajen taga.

"Sha. A hankali. Kada ka ƙware."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ban motsa ba, ko numfashi ban yi da ƙarfi ba. Yaya tana bakin murhu, ta sa gefen mayafinta ta toshe baki. Wata bakwai ba mu ji muryar nan ba, ga ta tana yi wa gwangwani magana.

Bayan sun tafi makaranta na je na tsaya a gaban gwangwanin kamar mai gaida babban mutum. A nan na ga ruwa kwance a dakalin taga, har ya ja layi a bango. Na ɗaga shi na leƙa gindinsa. Huda biyar. Na ce tsohon gwangwani ne, tsatsa ta ci shi, duk ruwan da yarinyar nan ke zubawa tsiyayewa yake, ƙishirwa za ta kashe waken, in ya mutu kuma bakinta ya sake rufewa.

Ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya a kan huda? Na yanko tsohon tib na cikin taya daidai faɗin gindin, na kankare shi, na goge ƙarfen ya bushe, na shafa gam, na jira ya sha iska, na danne. Faci ne mai kyau, irin wanda ko a babbar mota zan yi alfahari da shi. Da yamma Balbela ta zuba ruwa, ko ɗigo bai fito ba. Na ji daɗi a raina.

Kwanakin da suka biyo maganarta ta riƙa ƙaruwa. Tana ba gwangwanin labarin kifin bango da yaron da ya ci gam. Ranar nan har ta juya ta ce wa Yaya, "Gwaggo, matsa, kin tare masa rana."

Yaya ta ce, "To, uwar gida, na matsa. Allah ya ba wake haƙuri."

Amma kwana bakwai, kwana takwas, babu abin da ya tsiro. Ruwa ya kwanta a saman ƙasar, ta fara wani wari. Yaran ajinsu kuwa sai labarin ganye suke. Maganar Balbela ta fara ja da baya. A kwana na tara ta zuba ruwan ba ta ce uffan ba, ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Kashegari ban buɗe wurin aiki ba. Na ɗauki gwangwanin na tafi makaranta lokacin da yara ke wasa a fili. Na ce wa Malama ina jin irin da aka ba mu ba mai kyau ba ne. Ta karɓa ta shinshina, ta ɗaga ta dubi gindin. Ta daɗe tana dubawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne. Yoyo yake."

"Baban Balbela, ni na huda su da ƙusa, gwangwani ashirin da uku, har yatsana ya kumbura. Ta nan ruwan da ya yi yawa ke fita. In bai fita ba, iri ruɓewa yake."

Ta sa cokali ta tono. Waken ya yi laushi, ya yi baƙi, yana narkewa a cokalin. Na nemi wurin zama, babu sai 'yan kujerun yara, a kan ɗaya na zauna gwiwoyina a ƙirji.

Ta ce, "Kada ka tayar da hankalinka. Ina da nawa da ya tsiro. In cire ɗaya in dasa a nan, ka mayar taga kafin ta dawo. Ba za ta sani ba."

Na yi ta kallon tsiron da ta nuna mini, kore shar da ganye biyu. Abin da na zo nema ke nan. Amma sai na tuna yadda take zama a bakin ƙofa tana jiran wadda ni na ce za ta dawo. Na ce wa Malama na gode, ta ba ni ƙwayar wake uku kawai.

Da Yaya ta ji, ta ce, "Kai dai ba ka da dabara. An ba ka mafita ka ƙi. In ta sake yin shiru fa?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya."

Da la'asar na zaunar da Balbela a tabarma, na ajiye gwangwanin a tsakaninmu. Na juya shi na nuna mata facin. Na ce Malama ta yi huda don wake ya samu sauƙi, ni kuma ban sani ba na toshe, ruwa ya yi masa yawa ya mutu. Laifina ne, ba nata ba. Na ce wannan waken ba zai fito ba, ko ta jira.

Ta dubi cikin gwangwanin. Ta taɓa koren maɓalli ɗaya da yatsa. Har na cire rai da za ta yi magana.

"Umma ma?"

Na ji Yaya ta ajiye abin da ke hannunta.

Na ce, "Umma ma. Ba tafiya ta yi ba. Ta rasu, ba za ta dawo ba. Na faɗa miki abin da ba haka ba ne."

"Ita ma kai ka toshe?"

"A'a, 'yata. Ciwo ne. Ba ni ba ne, ba ke ba ce."

Sai ta fashe da kuka mai ƙarfi, irin wanda ba ta yi ba ko a ranar rasuwar. Na ɗauke ta na rungume, ta yi ta yi har rigata ta jiƙe. Yaya ta zauna kusa da mu tana nata. Babu wanda ya ce wa wani ya yi shiru.

Da safe muka zubar da ruɓaɓɓiyar ƙasar. Na yi ƙoƙarin ɓare facin ya ƙi, ya kama kamar tare aka ƙera su. Dole na ɗauko ƙusa da guduma na huda ta cikin robar. Balbela ke ƙirgawa, muryarta a dushe. Da na kai huɗu na tsaya in gyara riƙo, ta ce, "Saura ɗaya."

Ta cika shi da sabuwar ƙasa, ta tura ƙwayoyin da ɗan yatsanta, ta zuba ruwa. Nan da nan ya fara ɗiga a dakalin taga, yana bin tsohon layin nan na bango. Ban san sanda hannuna ya miƙa ba.

Ta riƙe mini hannun riga.

"Baba, bar shi ya zuba."