Fararen Duwatsun Kawu Bihi

Keken da Assu ya hau ranar tseren ba nasa ba ne. Na wata ƙungiyar 'yan keke ne ta Marrakesh, kuma shugabanta, Si Mubarak, ya faɗi sharaɗin a gaban kowa. In Assu ya shiga cikin goman farko, keken ya zauna a hannunsa, a sa sunansa cikin 'yan ƙungiya. In bai shiga ba, keken ya hau bayan mota a ranar, shi kuma ya koma wa alfadarinsa da jakunkunan masu yawon buɗe ido.

Keke ne mai faffaɗar taya saboda tsakuwa, ba shi da nauyi. Mahaifiyar Assu ta taɓa ɗaga shi da hannu ɗaya, ta ajiye, ta ce an cuci Si Mubarak, babu ƙarfe a ciki.

Hanyar tseren ta tashi daga kwari, ta hau ta saman Ayt Ziri, ƙauyen su Assu, ta ratsa agdal, sannan ta gangaro ta ƙare a dandalin ƙauyen. Agdal ita ce makiyayar kan dutse da jama'a ke rufewa har ciyawa ta zubar da iri. Babu shinge. Tulin duwatsu ne da aka shafa wa farar ƙasa, shi ke nan. Wanda ya ƙetare, ko shi ko akuyarsa, zai yanka rago ya ciyar da dattawa, kuma za a riƙa tuna wa jikokinsa.

Lokacin da Assu ya tafi Marrakesh atisaye, dattawa ba su gama gardama kan ko za a bar kekuna su ratsa ba. Bayan tafiyarsa suka yarda: siririyar hanya ɗaya, safiya ɗaya. Masu shirya tseren suka kafa jajayen ƙyallaye, iska ta kwashe su kafin la'asar. Sai suka roƙi mai gadin agdal, Kawu Bihi, ƙanin mahaifiyar Assu, ya yi musu alamar da iska ba za ta ɗauka ba. Alama ɗaya Kawu Bihi ya sani. Ya jera tulin duwatsu dama da hagu, manya biyu a mashiga, ya shafe su da sabuwar farar ƙasa.

Ya kuma aika wa Assu saƙon murya ta waya. Saƙon ya fara da gaisuwar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Assu ya saurara har inda aka kai ga lafiyar alfadari, ya kashe.

Ranar tseren Assu ya hau dutsen yadda aka zata. A hawan farko ya wuce Turawa biyu suna huci. A na biyu, inda tsakuwa ke zamewa ƙarƙashin taya kuma sauran ƙanƙara na kwance a inuwar duwatsu, ya wuce wasu da suka sauka suna turawa. Ya iso bakin agdal shi ne na uku. Nan ya ga farar ƙasa, sabuwa, har tana ɗaukar ido. Ya matse birki, ya sa ƙafa a ƙasa.

Zuhair, wani ɗan Kasablanka da suka yi atisaye tare, ya iso bayansa.

"Kai, ɗan dutse! Taya ce ta fashe?"

"An rufe."

"Me aka rufe?"

Assu ya nuna duwatsun da haɓa.

"Ina ƙofar? Ina kwaɗon? Ga sawun mutum biyu nan sun wuce!"

"Su baƙi ne. Ba su da uwa a garin nan."

"Ɗan'uwa, taya ce fa, ba kofato ba. Ciyawa za ta ci?"

"Je ka faɗa wa dattawa."

"Allah ya ba ka lafiya," in ji Zuhair, ya taka feda ya shige tsakanin duwatsun.

Na'urar nuna hanya da ke kan keken tana ta ƙara, tana nuna gaba. Assu ya cire ta ya sa a aljihu. A lissafinsa maganar ba ta da wuya. Farar ƙasa sabuwa ce, ke nan dattawa sun ƙi, kuma sun sake shafawa don kada wani ya ce bai gani ba. Ya saɓa keken a kafaɗa ya bi hanyar alfadarai, wadda ke zagaye makiyayar ta gefen kwazazzabo. Daga can sama yana hango 'yan tsere suna ratsa ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya ce ya tausaya musu.

A ɗaya bakin agdal Kawu Bihi na zaune da butar shayi yana miƙa wa masu wucewa. Sai ga Assu ya ɓullo ta bayansa, gwiwa duk jini, keke a wuya.

"Daga ina haka, ɗan 'yar'uwata?"

"Kawu, sun shiga. Duk sun shiga. Ni ban taka ba."

Kawu Bihi ya dube shi, ya dubi hanyar alfadarai.

"Ba ka ji saƙona ba?"

"Na ji. Na gode. Alfadarin ya warke?"

"Ya warke. Ya kuma fi ka hankali. Hau ka tafi!"

Gangaren da Assu ya yi daga nan zuwa ƙauye har yanzu ana maganarsa. Wata tsohuwa ta ce ta ga ƙura, ba ta ga mutum ba. Ya wuce mutum biyar. Ya zo na goma sha uku.

Si Mubarak ya saurari bayanin har ƙarshe, bai katse shi ba. Ya ce labari ne mai kyau. Sannan ya cire tayar gaba, ya ɗora keken a bayan mota, ya ɗaure da igiya. Zuhair, wanda ya zo na takwas, ya rungume Assu ya ce duk ranar da ya gina gida ba zai sayi ƙofa ba, farar ƙasa kawai zai saya.

Ranar Juma'a bayan masallaci dattawa suka zauna. Gwiwoyin Kawu Bihi sun daɗe da gajiya, ana neman wanda zai gaje shi. Wani ya ce mutumin da ya ga farar ƙasa ya tsaya, babu mai kallonsa sai ɗan Kasablanka, ba sai an ƙara bincike a kansa ba. Babu wanda ya musa. Aka kira Assu aka gaya masa shi ne sabon mai gadin agdal.

Ya tambaya ko mai gadi zai iya zagayen da keke, in Allah ya ba shi wani. Dattawa suka ce za su duba. Har yanzu suna dubawa.

Ya fara aiki ranar Asabar, a kan alfadari. A hanya ya kunna saƙon kawun nasa ya saurara duka. Maganar duwatsun tana can ƙarshe, bayan gaisuwar liman.