Gidan Tsattsewar da Babu Kashin Tsuntsu

Kai ma ka bi ta layin nan na garin Sarikei, ka ji kukan tsattsewa daga benen da aka toshe wa tagogi, ka wuce abinka. Kowa haka ya yi, ban da Rosnani.

Ita ma dole ce ta sa. Mahaifiyarta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakin tsohuwar da benen. A garin ba sabon abu ba ne mutum ya toshe tagogi, ya kunna lasifika mai kukan tsattsewa, tsuntsaye su shigo su yi sheƙa, ya cire sheƙar ya sayar wa masu yin miya da ita. Kuma ba a leƙa gidan tsuntsun wani, wai idon baƙo yana korarsu.

Ran Talata da hantsi ta ɗauko man zafin tsohuwar daga kantar jikin bango, ta tarar ya narke. Ta dafa bangon, ta janye hannu da sauri.

Ta sauka shagon kofin Lau, shugaban 'yan layin, ta same shi yana gasa burodi.

"Kawu, wata biyar ke nan, ka taɓa ganin tsuntsu ko ɗaya ya shiga gidan can?"

"Tsuntsu ba ya son gaggawa, 'yata."

"Kashinsu fa? Ko sun koyi zuwa bayan gida ne?"

Masu shan kofi suka tuntsire da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Injinan haƙar kuɗin intanet ne a ciki. Kukan nan ƙararsu yake rufewa. Injina birjik a duniya suna tseren warware lissafi guda, ɗaya ya ci, sauran sun ƙona wuta a banza. Alhali akwai tsarin da mutum zai ajiye kuɗinsa jingina, a zaɓe shi ya tabbatar da ciniki, da wutar da ba ta fi ta fanka ba. Amma wanda ya ja wutar sata, ina ruwansa da tsimi?"

"To, malamar kwamfuta!" in ji Lau. "An tura ki birnin Kuching karatu, kin dawo kina tuhumar tsuntsaye. Mai gidan nan shi ya gyara mana kwata."

"Kawu, bangon Inna ya fi tukunyarka zafi. Zo ka taɓa."

"Ni ba na shiga tsakanin mutum da tsuntsunsa."

Bai ko ɗago ba. Fitilar shagon ta dushe, ta dawo, ta sake dushewa. Wani ya ce a ƙaro masa madara.

Rosnani ta koma sama. Yanzu ɗakin warin ƙonanniyar roba yake. Tsohuwar ta bi ta da ido, bakinta a karkace, tana son magana ta kasa.

"Riƙe ni da hannun mai lafiyar, Inna."

Ta goya ta, ta ɗaure da zane, ta fara sauka da baya-baya, matakala ashirin da biyu. Ta zaunar da ita a inuwar tsallaken titi. Can ƙarƙashin kwanon benen wani siririn hayaƙi ya soma fita, shiru, a tsakar rana. A benen da ke ɗaya gefen, matar tela tana shanya kayan jaririnta.

Wannan matar ba wanda ya gaya mata komai. Kai da ke zaune a shagon Lau, tashi ka buga mata ƙofa, sannan ka kira 'yan kwana-kwana da kamfanin wuta. Yanzu, ba bayan ka shanye kofinka ba.