Jakar Uzairu a Kafaɗata

Shekarar da mijin ɗiyata Khairiyya ya rasu a wajen Rusairis, tana gama takaba ta dawo gida da ɗanta guda, Uzairu, mai shekara tara. Lori ta sauke su a Wad Haddad da hantsi, na aika da keken jaki ya ƙaraso da su ƙauyenmu. Yaron siriri ne mai manyan idanu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni da Hausa tsantsa, irin wadda na daɗe ban ji a bakin yaro ba. Raina ya yi fari. Jikokina na nan gida, in na yi musu Hausa, da Larabci suke mayar mini.

Babbansu shi ne Mujahid, ɗan ɗana na fari. Ubansa yana aiki a Hasahisa, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Shekarar Mujahid goma sha biyu a lokacin, yana aji shida, ƙaƙƙarfa, kuma yaran unguwa duk bayansa suke bi. Na kira shi, na kama hannun Uzairu na saka cikin nasa, na ce, “Ga bawanka ya zo. Ka riƙe shi da kyau.”

Matan gida suka yi dariya, har da Khairiyya. Ba wanda ya ji wani abu, don haka muka gada. Ɗan namiji da ɗan mace taubasai ne, ɗan namiji ya kira ɗan mace bawansa, kuma ba a fushi. Ni ma da nawa na tashi, Salih, ɗan gwaggona. Ina kiransa bawa a tsakiyar kasuwa, shi kuwa ya fizge hulata ya jefa cikin tur'a, wato babbar magudanar da ke shayar da gonakinmu, ya zauna ya cinye tuwona ina kallo. Ranar da kunama ta harbe shi wajen cirar auduga, ni na goyo shi har gida. Duk wanda ya taɓa Salih, da ni zai yi. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, gani muka yi. Abin da na manta shi ne, Salih ya rasu tun ba a haifi Mujahid ba. Yaron bai taɓa ganin taubasai suna wasa ba. Na miƙa masa rabin al'ada, rabin mai daɗi, na riƙe sauran ban sani ba.

Aka saka Uzairu aji uku a madarasar ƙauye, inda yaranmu ke haɗe da na Larabawan ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka da mu. Larabcinsa bai nuna ba, don can inda ya tashi Hausa ake yi har a kasuwa.

Bayan mako uku ina zaune gindin dogon yaro da baƙi biyu, muna shan jabana, wato gahawa, sai Uzairu ya zo ya tsuguna gefe. Da ƙyar ya buɗe baki. Ya ce Mujahid yana sa shi ɗaukar masa jaka zuwa da dawowa, kuma yana karɓe masa faɗur, abincin da yara ke ci a madarasa in hantsi ya yi. Baƙina suka yi murmushi. Ni kuwa na ji kamar ya tsinka ni a gabansu, na ɗaure fuska. Na ce masa ba a kai ƙarar taubashi, wanda ya yi fushi da wasa shi ya faɗi. Na ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, in an yi masa ya rama, namiji ba ya yawo da hawaye a aljihu. Ya ce to, Kaka. Ya tashi.

Yau in na tuna, sai in tambayi kaina da me zai rama. Da ƙarfi, ko da baki?

Ba a yi wata ba malamarsu ta zo har gida bayan la'asar. Ustaza Sabah, Balarabiya ce daga Makwar, yarinya ƙarama wadda na haifi wadda ta girme ta. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ta zo ne a kan Uzairu. Ta ce madarasa duka ta daina kiransa da sunansa, bawa suke ce masa, manya da ƙanana, har waɗanda ba su san wane ne shi ba. Ta ce ba ya ɗaga kai a aji.

Na bari ta gama. Sai na ce mata wannan wasa ne na dangi, kakanninmu suka taho da shi a ƙafa tun daga Sakkwato, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta koya musu lissafi, tarbiyya ta bar mana.

Ta ce, “Ya Hajj, a gidanka wasa ne, don kana zaune kana kallo. A filin madarasa yara ɗari uku ne, kuma babu kakan kowa a can.”

Na ce a kawo mata shayi. Ta ce ta gode, ta tafi. Har na ba abokaina labarin a bakin masallaci, wai yarinya ta zo koya mini riƙon jikoki. Abin da babba ya hango, in ji ni, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ranar Litinin ɗin da layin ruwa ya zo kan hawashata, wato gonar audugata, na fita da hantsi in buɗe bakin magudana. Ina isa na hangi jakar makaranta rataye a reshen bagaruwa. A ƙarƙashinta Uzairu ne zaune da kayan madarasa a jikinsa, littafi buɗe a cinya, yana kwafe shafi guda da ya riga ya kwafe sau da yawa. Da ya gan ni ya miƙe zai gudu, na ce ya tsaya. Na zo da niyyar faɗa. Sai na lura wuyan rigarsa a maƙale yake har sama, cikin wannan zafi. Na sa hannu na ɓalle maɓallin.

Wuyan ya saɓule zagaye, wani wajen ya fara bushewa, wani wajen yana ruwa.

Da kaɗan-kaɗan na ciro maganar daga bakinsa. Kwanansa tara bai shiga aji ba. Kullum ya fita da sauran yara, in sun kai kwanar gidan burodi sai ya sulale ya yo nan. Igiya ce ta yi masa wuya haka. In an fita faɗur, Mujahid ya kai shi bayan katanga inda malamai ba sa leƙawa, ya ɗaura masa ita a wuya, ya ba abokansa aronsa. Wannan ya ja shi ya kai ƙarshen katanga, wancan ya hau bayansa. Wanda ya ba Mujahid rabin burodi da ɗa'amiyya, wato ƙosan nan ƙasar, shi ke fara ja. Igiyar kuwa ta jakina ce. Na neme ta kwana da kwanaki, har na zargi yaran maƙwabta.

Na ce, “Me ya hana ka faɗa mini?”

Ya dube ni, ya ce, “Na faɗa, Kaka.”

Ruwan hawasha ranar ban buɗe shi ba. Na kama hannunsa muka dawo.

Khairiyya ta ga wuyan, ta zauna a ƙasa. Ashe ta daɗe tana ganin yaron yana ramewa, ta tambaye shi ya ƙi faɗa, ita kuma ba ta iya kawo mini ƙarar ɗan yayanta ba, tana ganin zaman alfarma take yi a gidan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta wanke masa wuyan da ruwan gishiri, sannan ta juyo ta ce, “Baba, ranar Alhamis akwai lori. Zan mayar da shi wajen baffanninsa.”

Na san abin da wannan ke nufi. Baffanninsa masunta ne a bakin tafki, madarasa mafi kusa da su tafiyar rabin yini ce. Yaron da ya je can, taru zai ja har ya yi gemu. Uban Uzairu kuwa, Mustafa, abu guda da ya roƙa kafin ya cika shi ne a bar yaron ya yi karatu. Na ce mata ta ba ni kwana uku. Ta ce kwana ukun dama suna nan kafin Alhamis. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya.

Na yanko tsumagiya na jira Mujahid. Ya shigo yana fito, ya ga Uzairu, ya ga hannuna, fiton ya mutu. Na tambaye shi igiyar jaki, ya je bayan rumbu ya ɗauko. Na ɗaga hannu ke nan sai ya ce, rabi Hausa rabi Larabci, yana kirana Jiddu, wato Kaka, “Jiddu, ba kai ka ba ni shi ba? Da ya kai ƙarata ma kai ka kore shi.”

Ba rashin kunya ya yi ba. Tambaya ya yi da gaske. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Hannuna ya sauko da kansa. Na ce, “Igiyar ma ni na ba ka?” Ya sunkuyar da kai, ya ce a'a. Na tambaye shi me ubangida ke yi wa taubashinsa in an taɓa shi. Bai sani ba, kuma ban ga wanda zan tuhuma a kan haka ba.

Washegari na sa farar jallabiyata ta Juma'a, na naɗa rawani. Na rataya jakar Uzairu a kafaɗa, wata shuɗiya mai hoton mota, na naɗe igiyar a hannu. Uzairu ya ce ba zai je ba. Ban tsawata masa ba, na ce ya raka ni kawai, in mun kai ƙofa bai so shiga ba mu dawo tare. Mujahid yana biye da mu a baya.

Hanyar madarasa ta ratsa tsakiyar ƙauye. Mutanen da na shekara talatin ina raba musu rigima suna zaune wajen mai shayi. Hamid mai shago ya leƙo ya ce, “Hajj Abdulmuttalib, mabruk, barka da arziki. Aji nawa aka sa ka?”

Na ce, “Aji ɗaya.” Aka yi dariya. Da suka ga igiyar, dariyar ta yi ta raguwa.

Mun tarar yara sun yi layin safe a fili. Uzairu ya toge a ƙofa. Na bar shi na shiga, na nemi izinin shugaban madarasa. Kafin komai na je gaban Ustaza Sabah, a gaban ɗalibanta, na ce mata ta faɗa mini gaskiya na kore ta da shayi, ta yafe mini. Ta ce ba komai, ya Hajj, amma ba ta yi murmushi ba.

Sai na juya ga yaran, na ɗaga igiyar. Na yi magana da Larabci don kowa ya ji, na maimaita da Hausa. Na ce yaron da ke tsaye a ƙofa sunansa Uzairu ɗan Mustafa, jikana ne, ɗa ne ɗan halas, ba bawan kowa ba. Na ce sunan da suke kiransa da shi daga bakina ya fito, ni ne na farkon mai laifi, kuma magana zarar bunu ce, ba ta komawa, shi ya sa na zo da ƙafata. Na ce duk wanda ya taɓa riƙe wannan igiya ya fito ya tsaya kusa da ni.

Ba wanda ya motsa. Muryata ta ƙare, ina tsaye ni kaɗai da jakar yaro a kafaɗa, idanu ɗari shida a kaina. Ban taɓa jin tsayuwa mai tsawon wannan ba. Can sai Mujahid ya fito daga layinsu, yana kuka ba sauti, ya tsaya a damana. Bayansa wasu biyar suka fito ɗaya-ɗaya, uku namu, biyu na maƙwabta.

Shugaba ya rubuta sunayensu, ya ce a turo iyayensu, kuma daga ranar malami zai riƙa cin faɗur ɗinsa a bayan katanga. Igiyar na ba Ustaza Sabah. Ita ce ta je ƙofa ta tsuguna gaban Uzairu, ta yi masa magana da ban ji ba. Ya zo ya karɓi jakarsa daga kafaɗata bai dube ni ba, ya bi ta aji.

Ban koma gida ba. Na zauna a inuwar katanga har aka tashi. Haka na yi Laraba, haka na yi Alhamis. A hanyar dawowa nake ba Mujahid labarin Salih, da hula, da kunama. Yana ji, yana tambaya. Uzairu yana gabanmu da taku goma.

Ranar Alhamis ina bakin katanga na ji ƙarar lori ta tsaya a hanya, ta jima, ta tashi. Da muka shiga gida ƙullin kayan yana nan kan gado yadda aka ɗaure shi. Sai ranar Asabar Khairiyya ta kwance, ta ciro ɗaya rigarsa ta madarasa ta wanke. A nan na san sun fasa tafiya.

Uzairu yana aji huɗu yanzu. Ustaza ta ce hannunsa a lissafi ya fi na kowa, kuma ba mai taɓa shi. Tabon wuyan ya dushe, sai ka matsa kusa za ka gani. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya yi ranar farko. Da Larabci yake gaishe ni. In na yi masa Hausa, da Larabci yake mayar mini, ya ɗauki jakarsa ya fita.