Wutar Da Ke Ƙarƙashin Kujera

"To ita wannan ina ta ɓoye batirinta?"

Inuwa Mai Inji ne ke tambaya, kansa cikin gaban motar, sifana a hannu. Maƙwabcinsa Malam Mu'awiyya na tsaye yana leƙe ta bayan kafaɗarsa, ko da yake bai san abin da yake leƙen ba. Motar ta Rumaisa ce, 'yar Malam. Ta ajiye ta a ƙofar gidansu a Likoro ta tafi kwas na wata huɗu, ta kuma ce kada a taɓa. Amma kowa a garin ya san motar da za ta daɗe a ajiye cire mata kan batir ake yi, shi ya sa Malam ya kira Inuwa.

Shekara talatin Inuwa na gyaran injin ban-ruwa daga Kudan har Dandamisa. Mutum ne da bai iya ganin abu a rufe ya wuce ba. Rediyon matarsa Zulai sau uku yana warware shi, lafiyarsa ƙalau. Tun ranar da motar nan ta shigo layin ba ƙara, har ta kusa take masa agwagwa, yake kewaya ta.

"Mota tana tafiya kamar mai sanɗa, Malam. Dole akwai abin da take ci ban da fetur."

Da bai sami batir a gaba ba, sai ya buɗe ƙofar baya. Ya tuɓe silifas ɗinsa ya jera su a ƙasa, wai kada ya ɓata wa yarinya mota. Ya ɗaga kujera, ya kwance wani murfin ƙarfe, sai ga wayoyi ruwan lemo masu kaurin babban yatsa.

"Ga shi nan! Ashe zama ake yi a kansa."

Malam ya ga wata takarda manne mai zanen walƙiya. Ya ciro wayarsa daga aljihu.

"Malam Inuwa, bari dai in kira Rumaisa."

"Yarinyar da aka yi sunanta a gabana? Ai an kashe mota, ga makulli a aljihunka."

Kunya ta sa Malam mayar da wayar aljihu. Bai gama zare hannunsa ba ya ji ƙara tas, Inuwa ya wuntsilo waje, tafin hannunsa a ƙone.

Kwana biyu ya yi a asibiti a Makarfi. Likita ya ce wutar ta taɓa zuciya. Malam ya zauna bakin gado yana neman yadda zai roƙi gafara, amma Inuwa bai ba shi dama ba.

"Bar wannan, ni na sa hannuna. Abu ɗaya ke damuna. Motar da aka kashe, ina ta samo wuta? Ka tambayo mini, kada in tafi ban sani ba."

Da sassafe Malam ya hau mota zuwa Zariya. Gareji uku ya shiga kafin a nuna masa Shamsuddeen, wanda ya san irin waɗannan motoci.

"Baba, batir biyu gare ta," in ji Shamsuddeen. "Ƙaramin yana but, can baya wurin ajiye kaya, shi ne irin wanda kuka sani. Na ƙarƙashin kujera shi ke tura motar, ƙarfinsa ya kai wutar gida ko ya fi, kuma ko an kashe mota yana nan cike. Mu ma sai mun sa safar hannu ta roba mai kauri, mu zare wani filogi, mu jira minti goma."

Malam ya sa aka maimaita masa sau biyu. Duk hanya yana bitar maganar kamar hadda, har da ɗan murna, don ya san yadda Inuwa zai kaɗa kai ya ce ashe.

Bai kai asibitin ba. A hanya aka kira shi aka ce ya wuce gida. Ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Inuwa.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ya tsaya wajen motar. Tun ranar ba wanda ya yarda ya matso kusa da ita, ƙofar baya ma a buɗe take. Ya durƙusa a hankali.

"Batir biyu gare ta, Malam Inuwa," ya ce. "Ƙaramin yana but."

Silifas ɗin na nan a jere inda mai su ya tuɓe, agwagwar na kwance a gefensu.