Takardu Biyu, Aiki Ɗaya

Malamar lissafi ba ta yarda da ɗalibi ko da ya rantse, kuma ba ta ɓoye wannan hali. Ita ce ma ta matsa wa hedimasta a farkon zango har aka kafa doka, cewa duk wanda aka kama da satar amsa zai maimaita aji.

Ranar tana ofishin malamai tana makin jarrabawa, fanka na kaɗa mata takardu, sai jan bironta ya tsaya cak. Takardar da ke gabanta ta taɓa ganinta. Ta tona cikin waɗanda ta gama, ta zaro ɗaya, ta jera su gefe da gefe.

Tambayar ita ce a taƙaita 7x + 4y − 3x − y + 2. Aikin bai wuce a haɗa kowane harafi da danginsa ba, masu x wuri ɗaya, masu y wuri ɗaya, kowanne ya tafi da alamar da ke gabansa. Duk takardun biyu sun samu 4x + 3y + 2, daidai. Wannan bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne a ƙarƙashin kowane x an ɗiga ɗigo, a ƙarƙashin kowane y an ja 'yan sanduna biyu, tun daga tambaya ta farko har ta biyar. Ita kuwa ba ta taɓa koyar da haka ba.

Takarda ɗaya ta Auta ce, 'yarta ta cikinta. Ɗayar ta 'yar mai wanki ce, yarinyar da ke zama kusa da Auta, wadda sai ka yi sati ba ka ji muryarta ba. Malama ba ta ɓata lokaci wajen gane ɓarauniyar ba. Masu shiru-shirun nan ai su ne abin tsoro. Ta karɓo takardar kai rahoto daga hedimasta, ta cike komai, ta bar gurbin suna kawai, don a ce an bi ƙa'ida.

Da aka fita tara ta tsare su biyu a aji. Auta ta ce ita ba ta san komai ba, har da kumbura baki. 'Yar mai wanki ta yi tsuru-tsuru tana murza bakin hijabinta, abin da ya ƙara tabbatar wa Malama zarginta.

“Wannan ɗige-ɗigen, a ina kika gan shi?”

'Yar mai wanki ta amsa da ƙyar, cewa haka babanta yake yi wa kayan mutane. Kowane gida da alamarsa a cikin wuyan riga, wani ɗigo, wani sanda biyu. In kaya suka bushe ita ce mai warewa, kowace riga ta koma cikin 'yan'uwanta. Ta ce in ba ta sa alamar ba haruffan rikice mata suke yi.

Shakka ta ɗarsu a ran Malama, amma ta dake. Wanda ya iya satar amsa ai ya iya tsara labari. Ta raba allo biyu da alli, ta rubuta 6a − 2b − a + 5b a kowane ɓangare, ta tsaya a tsakaninsu don kada ido ya tsallaka.

'Yar mai wanki ta ɗiga ɗigonta, ta ja sandunanta. Ta kwaso − a ta ajiye kusa da 6a, ta haɗa − 2b da 5b, ta rubuta 5a + 3b, ta ajiye alli.

Auta kuwa ba ɗigo ba sanda. Ta ɗauko a ta bar alamar ragin a baya, ta samu 7a. Ta goge da yatsa, ta sake rubuta shi. Malama ta san wannan kuskuren kamar tafin hannunta, don wata uku tana fama da shi a teburin gida, har ta ɗauka ya warke. Ta ce wa Auta ta sa alamomin da ta sa a jarrabawa. Auta ta ɗiga wa a ɗigo, ta ɗiga wa b ɗigo.

Kunya ta lulluɓe Malama, kunyar yarinyar da ta yanke wa hukunci tun kafin ta ji ta bakinta. Ta sallame ta, ta ce ta je ta ci abincinta kafin a kaɗa ƙararrawa.

Suka rage su biyu. Malama ta zauna, ta jawo takardar rahoton. Ba wanda ya ga takardun nan sai ita, kuma 'yar mai wanki ba mai magana ba ce. Tunanin rufe maganar ya zo mata, ya kuma daɗe bai tafi ba.

“Mama,” in ji Auta a hankali, ga hawaye. A makaranta ba ta taɓa kiranta haka ba.

“Malama,” ta gyara mata.

Ta buɗe biro, ta rubuta sunan da ita da kanta ta zaɓa mata ranar suna, sannan ta tashi ta nufi ofishin hedimasta.